Wasan Manya: Tarihin Mutum-Mutumi Masu Kiɗa da Kansu

Gabatarwa

Idan aka ce kayan wasa, abin da zai fara faɗo wa Bahaushe a rai shi ne 'yar tsana, ko motar kara, ko dokin laka da yara ke ginawa a bakin kududdufi. Babba kuwa in aka same shi da irin waɗannan sai a ce girma ya faɗi. Amma akwai wasu kayan wasa waɗanda tun asali ba don yara aka yi su ba, yaro ma bai isa ya matso kusa da su ba. Su ne tsuntsayen azurfa masu kuka, da mutum-mutumi masu busa sarewa, da akwatuna masu kiɗa ba makaɗi, waɗanda sarakuna da attajiran duniya suka yi ta zuba dukiya a kansu har kimanin shekara 1,000.

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi sawun waɗannan kayayyaki daga Bagadaza zuwa Turai, daga can zuwa Sin da Indiya, har su iso Kukawa. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kuwa shi ne, mutum uku ne kullum ke tsaye a kan abin wasan nan: sarkin da ya saya don alfahari, da ɗan kasuwar da ya kawo don neman shiga, da maƙerin da ya ƙera. Tambayata ita ce, a cikinsu wa ya ci riba?

Sirrin da ke ciki

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu buɗe cikin abin mu gani, don kada a ɗauka tsafi ne. Abu uku ke sa mutum-mutumi motsi. Na farko shi ne ƙarfin da ke tura shi. A da ruwa ne mai zuba, ko dutse mai nauyi da aka rataya a igiya. Daga baya aka sami siririn ƙarfen nan nannaɗaɗɗe irin na cikin agogo, wanda ake yi wa wani ya riƙa warwarewa a hankali. Na biyu su ne ƙafafun ƙarfe masu haƙora da ke miƙa wa juna motsin. Na uku, wanda shi ne uwa uba, wani gungume ne na itace ko tagulla da aka kakkafa wa ƙusoshi. Yayin da gungumen ke juyawa, kowace ƙusa sai ta taɓo wani ɗan hannu, shi kuma ya buɗe ƙofar iska, ko ya bugi ƙararrawa, ko ya ɗaga yatsa. Watau dai a jikin gungumen aka rubuta waƙar, ƙusoshin su ne baƙaƙenta. In ka sāke musu wuri ka sāke waƙa. A riƙe wannan magana, don za mu komo kanta.

Fadojin gabas

Tun zamanin Yunanawa ake irin wannan hikima, amma a hannun Musulmi na daular Abbasiyawa ta bunƙasa ta shiga fada. A shekarar 807 jakadun Halifa Haruna Rashidu suka kai wa Sharlaman, babban sarkin Turai na wannan zamani, wani agogon tagulla mai aiki da ruwa. In sa'a ta cika sai 'yan ƙwallaye su faɗo kan faranti su yi ƙara, mahaya 12 kuma su fito ta tagogi. Marubutan fadar Sharlaman da kansu suka rubuta labarinsa, don ba su taɓa ganin irinsa ba.

Wajen shekarar 850 wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, 'ya'yan Musa bin Shakir, suka wallafa Kitabul Hiyal, littafin dabaru, mai bayanin na'urori kimanin 100. A wani rubutun nasu kuma suka bayyana wata sarewa mai busa kanta: ruwa na tura iska, gungume mai ƙusoshi na buɗe ramukan sarewar yana rufewa. Masana da yawa suna lissafa ta a matsayin na'ura ta farko da aka sani wadda ake iya sāke wa umurni.

Su kuwa sarakuna abin da ya dame su shi ne kwarjini. A shekarar 917 jakadun Rumawa suka zo wurin Halifa Muƙtadir, aka yi ta zagayawa da su cikin fada har aka kai su gaban wata bishiyar azurfa mai rassa 18 a tsakiyar tafki, tsuntsayen zinariya da azurfa na kuka a kanta. Rumawan ma ba a bar su a baya ba. Wani jakada daga Italiya da ya je birninsu, wanda yau ake kira Santambul, a shekarar 949, ya tarar da bishiyar tagulla mai tsuntsaye masu kuka, da zakoki masu ruri suna buga wutsiya a ƙasa. Ya faɗi gaisuwa, ko da ya ɗaga kai sai ya ga gadon sarautar ya tashi da sarki har kusa da rufi. Saƙon a fili yake: wanda ƙarfe ke yi wa biyayya, ina ga mutum.

Gwanin gwanayen wannan fage shi ne Aljazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir, a ƙasar Turkiyya ta yau, aiki shekara da shekaru. A 1206 ya gama littafinsa mai na'urori 50. A ciki akwai wani jirgin ruwa da ake sakawa a tafki ranar shagalin sarki, ɗauke da mutum-mutumi huɗu mata makaɗa. Ruwa na ɗiga cikin wani ƙoƙo a ɓoye, in ya cika sai ya kife kan wata ƙafa mai fikafikai, ita kuma ta juya sanda mai turaku, kiɗa ya tashi. Abin da ya fi burge ni game da wannan bawan Allah shi ne bai ɓoye iliminsa ba. Ya zana kowane abu, ya faɗi awonsa da yadda za a haɗa shi. Kuma a cikin littafin nan guda, kusa da kayan shagali, akwai injunan ɗebo ruwa daga kogi don amfanin gona da gari. A wurinsa wasa da aiki uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Yadda abin ya koma Turai

Da Turawa suka gwanance a ƙirar agogo mai wani, sai hanya ta juya: wanda a da ake ba kyauta ya zama mai bayarwa. A 1599 'yan kasuwar Landan masu neman izinin ciniki a daular Usmaniyya suka biya aka ƙera wani ƙaton abin busa mai bututu da yawa haɗe da agogo, aka aika wa Sarki Muhammadu na Uku da sunan Sarauniya Alsabatu ta Ɗaya. Maƙerin, Thomas Dallam, shi ya raka shi har Santambul ya haɗa shi. In lokaci ya yi sai ƙararrawa ta kaɗa, mutum-mutumi biyu su busa ƙaho, kiɗa ya biyo baya, tsuntsaye su yi kuka suna kaɗa fiffike. Sarki ya yi murna, 'yan kasuwa suka sami abin da suke nema. Amma abin bai yi ƙarko ba, don a zamanin ɗansa Ahmadu na Ɗaya aka farfasa shi saboda gumakan da ke jiki.

Ƙarni na 18 shi ne ganiyar wannan sana'a. A 1738 wani Bafaranshe, Jacques de Vaucanson, ya nuna wa mutanen Faris wani mutum-mutumi mai girman mutum yana busa sarewa ta gaske, waƙa 12. Zugazugai ne huhunsa, yana da harshen ƙarfe da leɓɓa masu motsi, an kuma lulluɓe yatsunsa da fata don su toshe ramuka sosai. Shekara na zagayowa ya fito da agwagwa mai cin hatsi, ta sha ruwa, ta yi kashi a gaban jama'a. Daga baya aka gano kashin tun farko an ɗura shi a wani aljihu dabam. Ashe ko a nan ma akwai 'yar rufa-ido.

A tsaunukan Suwizalan kuwa, inda manoma kan koma ƙirar agogo in sanyi ya hana noma, Pierre Jaquet-Droz da ɗansa Henri-Louis da abokin aikinsu Leschot suka ƙera mutum-mutumi uku tsakanin 1768 da 1774. Ɗaya yaro ne marubuci, mai gaɓoɓi wajen 6,000 a cikinsa. Yakan tsoma alƙalami a tawada, ya karkaɗe, ya rubuta duk maganar da aka shirya masa in ba ta wuce baƙi 40 ba. Na biyu mai zane ne. Ta uku budurwa ce makaɗiya, wadda da yatsunta take danna abin kiɗan, waƙa biyar, ƙirjinta na hawa da sauka kamar mai numfashi, in ta gama ta sunkuya ta yi gaisuwa. Dukansu uku suna nan a gidan tarihi na garin Neuchâtel, kuma har yanzu suna aiki.

Manyan mawaƙa ma abin bai bar su ba. Haydn da Mozart duk sun tsara kiɗa musamman don agogo masu busa. Sarauniyar Faransa, Marie Antoinette, ta sayi wata 'yar makaɗiya mai bugun tsirkiya da sanduna biyu a 1785. Bayan shekara takwas talakawan da suka yi juyin mulki suka fille mata kai. 'Yar makaɗiyar na nan a Faris.

Mabuɗin ƙofar Sin

Babu inda aka fi sayen waɗannan kaya kamar ƙasar Sin. Tun a 1601 wani limamin Kirista, Matteo Ricci, ya sami shiga birnin Bejin saboda agogo biyu masu buga ƙararrawa da ya kai wa sarki. Da aka rasa mai gyara su in sun tsaya, sai aka bar shi ya zauna. A ƙarni na 18 Turawan Ingila suna matuƙar bukatar shayi da siliki da tangaran na Sin, amma mutanen Sin ba su ga abin saye a kayan Ingila ba sai kaɗan. Agogo mai kiɗa na cikin kaɗan ɗin nan. Ma'aikatan gwamnati a tashar jiragen Kanton kan matsa wa attajiran gari su saya, su kuma su aika wa na sama da su gaisuwa, har abin ya dangana da Sarki Qianlong.

Babban dillalin wannan ciniki shi ne James Cox na Landan. A 1772 ya buɗe gidan kallon kayansa, kuɗin shiga sule 10 da sisi, watau kusan ladan lebura na mako guda. Daga shagonsa aka fito da wani tsuntsun ruwa na azurfa mai dogon wuya, ɗan'uwan dinya, a 1773. In aka yi masa wani sai kiɗa ya tashi, sandunan gilashi su yi ta juyawa kamar ruwa na gudu, tsuntsun ya waiwaya ya gyara gashinsa, sa'an nan ya sunkuya ya cafko kifi. Duk wasan bai kai minti ɗaya ba. Yana gidan tarihi na Bowes a arewacin Ingila. Shi ne kuma mai agogon ɗawisu da ke gidan tarihi na Hermitage a Rasha, inda mujiya ke juya kai, ɗawisu ya baje wutsiya, zakara ya yi cara.

To, amma kasuwa ta cika, bashi ya taru, Cox ya karye a 1778. Ɗansa ya tafi Kanton bin bashi, ya kafa kamfani a can. Wannan kamfani ne ya yi ta sāke suna da hannu har ya zama Jardine Matheson a 1832, ɗaya daga cikin manyan masu shigar da ƙwayar ofiyom cikin Sin, cinikin da ya haddasa yaƙin 1839. Ƙofar da aka buɗe da kiɗa, da igwa aka ƙarasa ɓalle ta. Ba kuwa a ce mutanen Sin ba su koyi ƙirar ba. Akwai maƙeran agogo a fada da kuma Kanton, sun kuma gwanance. Illa dai gwanintar ta tsaya a kan ƙawa da gaisuwar manya.

Damisar Tipu

Akwai kuma sarkin da ya mayar da abin wasan ya zama habaici. Tipu, sarkin Maisur a kudancin Indiya, ya sha gwabzawa da Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya. Ya sa aka sassaƙa masa damisa ta itace, tsawonta kusan ƙafa 6, ta danne wani Bature mai jar riga ta kafa masa haƙora a wuya. In aka juya wani hannu a gefe sai damisa ta yi gurnani, Baturen ya yi kururuwa yana ɗaga hannu. A cikinta kuma akwai ɗan abin busa mai madannai 18. A ran 4 ga Mayu 1799 Turawa suka ci birninsa Seringapatam, aka kashe shi, aka kwashi damisar zuwa Landan aka baje ta don jama'a su ga irin ƙiyayyar da yake yi musu. Yau tana gidan tarihi na Victoria da Albert. Habaicin ya yi daɗi, amma bai tare harsashi ba.

Kukawa da Sakkwato

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? A 1796 wani maƙerin agogo a Janiba, Antoine Favre, ya gano cewa ba sai da ƙararrawa ko bututu ba: in aka yanka ƙarfe kamar mataji, kowane haƙori da nasa amo, ƙusoshin gungume na iya kaɗa shi kai tsaye. Wannan ya sa akwatin kiɗa ya ƙanƙance har ya shiga aljihu. Shekara 27 kacal bayan haka sai ga shi a Barno.

A 1823 Manjo Denham da Clapperton suka iso Kukawa ta hanyar Hamada. Denham ya rubuta cewa labarin akwatinsa ya kai kunnen Shehu Laminu, aka ce a kawo. Da farko Shehu ya yi ta mamaki yana tambayoyi. Da akwatin ya shiga wata waƙar makiyayan Suwizalan sai ya rufe fuska da hannu ya yi tsit yana saurare, har wani da ya yi magana ya katse masa jin daɗi ya sha mari. Denham ya bar masa akwatin, ya kuma nuna cewa daga nan zumuncinsu ya ƙara ƙarfi. Lalle labarin daga baki ɗaya muka ji shi, bakin baƙo mai son nuna wa mutanensa yadda ya burge sarki. Duk da haka ya yi daidai da abin da muka gani a Santambul da Bejin: baƙo mai neman hanya, da abin kiɗa a hannu.

Abin da Clapperton ya rubuta game da Sakkwato ya ɗan bambanta. Da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, cikin kyautar da ya kai, tabarau mai hangen nesa da kamfas mai nuna alƙibla su suka fi jan hankalin Sarki. Da ya komo a tafiyarsa ta biyu ya kawo masa littafin lissafin Iƙlidis da Larabci, ya kuma ce ya taɓa tarar da shi yana karanta shi. Sarki ya gaya masa da ma suna da irinsa, gobara ta cinye. A ganina wannan ita ce kyautar da ta fi tsada. Akwati in ya lalace sai a jira baƙo. Littafin lissafi kuwa shi ne tushen da aka gina akwatin a kansa.

Daga sarewa zuwa masaƙa

Yanzu sai mu komo kan gungumen nan mai ƙusoshi. A 1741 gwamnatin Faransa ta naɗa Vaucanson, mai agwagwa, ya zama mai duba saƙar siliki. Dabarar da ta sa yatsun mai sarewa motsi ita ya juya ta koma ɗaga zaren masaƙa: ya ƙera masaƙa mai bin gungume mai huji tana fitar da zane da kanta. Masaƙan birnin Liyon ba su yi maraba da shi ba. A tarzomar 1744 sai da ya gudu daga garin. Masaƙar ta yi shekaru a ajiye, har Jacquard ya same ta ya haɗa dabararta da ta waɗansu magabata, ya fito da masaƙa mai aiki da katuna masu huji wajen 1804.

A Ingila kuma wani yaro, Charles Babbage, uwarsa ta kai shi gidan kallo na John Joseph Merlin, maƙerin da ya yi wa Cox aikin cikin tsuntsun azurfar nan. Can ya ga wata 'yar rawa ta azurfa da ta tsaya masa a rai, har ya saye ta bayan ya girma. Shi ne ya tsara injin lissafi a shekarun 1830, wanda zai karɓi umurni daga katuna irin na Jacquard. Bai gama gina shi ba, amma katin ya rayu: da shi aka ƙidaya mutanen Amurka a 1890, da shi kuma aka riƙa ba kwamfutocin farko umurni. Ba na cewa sarewar 'ya'yan Musa ita ta haifi kwamfuta kai tsaye. Abin da nake cewa shi ne tunanin guda ne, watau a rubuta aiki a jikin wani abu, na'ura ta karanta ta aikata.

Su kansu kayan wasan zamaninsu ya wuce. Masana'antu sun mai da akwatin kiɗa abin kowa da kowa, sa'an nan Edison ya fito da na'urar ɗaukar murya a 1877, garmaho ya biyo baya, ya zamana ba mai bukatar mataji da ƙusa don jin waƙa. Abin da sarakuna ke gasa a kansa ya koma motar wani ta yara. Sana'ar dai ba ta mutu ba a tsaunukan da ke tsakanin Suwizalan da Faransa, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun da duniya ta gada a 2020.

Kammalawa

Mu koma kan mutum ukun nan. Sarki ya sami kwarjini na yini guda: bishiyar Muƙtadir ba ta, fadar Tipu ta zama kufai. Ɗan kasuwa ya sami shiga, wani ya yi arziki, wani ya karye. Maƙeri kuwa, wanda a lokacin ba a ɗauke shi a bakin kome ba sai mai sa manya dariya, shi ne abin hannunsa ya wanzu, musamman a inda aka rubuta ilimin aka bar shi ya fita daga fada ya shiga masaƙa da maƙera.

Wannan ne ya sa nake ganin tarihin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Yau ma akwatuna masu magana da waƙa sun cika aljihunanmu, duk daga waje. Muna da sunan maƙera da zugazugi da uwar maƙera, amma in aka ce mu bayyana cikin agogo da Hausa sai mu fara kame-kame. Aljazari da harshen da mutanensa ke karatu da shi ya rubuta nasa, shi ya sa bayan shekara 800 ake iya ɗaukar littafinsa a sāke gina abin da ya gina. Yaron da ke ƙera motar langalanga a bayan gida ɗan'uwan Vaucanson ne, abin da ya rasa shi ne littafi cikin harshensa da zai kai shi mataki na gaba. Rubuta wannan littafi kuwa aikinmu ne, mu da 'yan'uwanmu na sashen kimiyya. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.